Garin Masu Tsintar Suna

A ƙarƙashin teku, yamma da Ikko, akwai wani gari da ba a yanka ragon suna. Ana haihuwa a cikinsa, ana tsufa, ana mutuwa, ba wanda aka taɓa raɗa wa komai. Tsintar suna suke yi, kamar yadda ake tsintar itace a bayan gari. Na je garin. Da ƙafata na je, kuma bakina ne ya kai ni.

Sunana Ɗalhatu. Na rubuta shi a nan ne don takarda ba ta da kunya. Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma sunan mahaifin Baba aka sa mini. Kunya biyu ke nan ta hau kan Umma, ta ɗan fari da ta suruki. Shekarata ashirin, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai." "Wancan." "Yayanka." In ta matsu ƙwarai, "mutumin nan". Baba kuwa Abba yake ce mini. Na san al'ada ce. Sanin bai taɓa sanyaya mini rai ba.

Mu biyu Allah ya bar mata, ni da Nafi'u. Shekara biyar na ba shi. Sunansa kamar carbi yake a bakinta. Nafi'u ka ci? Nafi'u sa hula. Nafi'u ina ka shiga? Har Baba ma Baban Nafi'u ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna na fara kasa kunne, da na iya lissafi na fara ƙirgawa. Wasu yara hotunan 'yan ƙwallo suke tarawa, ni kiran ƙanena nake tarawa. Wata rana talatin, wata rana hamsin. Ba na manta ko ɗaya. Ina juya su a raina kamar mai sosa gyambo.

Baba direban tirela ne, yana ɗaukar albasa daga Funtuwa zuwa kudu. Ya daɗe yana alkawarin zai nuna mana teku. Shekarar da na faɗi jarrabawar shiga jami'a karo na biyu, Nafi'u kuma ya zo na ɗaya a ajinsu, Baba ya aro ƙaramar mota bayan Babbar Sallah, ya ce mu shirya. Ba a ce don Nafi'u ake tafiyar ba. Ba sai an ce ba.

Kwana biyu muka yi a hanya. Zangon Kwakwa ake ce wa wurin: filin rairayi ne a bakin teku, bishiyoyin kwakwa sun kewaye shi, ana ba da hayar tanti, ga famfo ɗaya, ga murhun duwatsu gaban kowane tanti. Baba ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"To ga ta nan. Dam ɗin Mairuwa ne da ya ci ya ƙoshi."

Umma ta gyara mayafi. "Baban Nafi'u, abin nan ba ya yin shiru ne?"

Mai kula da wurin wani tsoho ne, Makau, Basarke daga Yawuri. Kamun kifi ya kawo shi kudu shekara arba'in da suka wuce, bai koma ba. Ya ba mu tanti biyu, da turaku, da igiya. Nafi'u ya kafa na su Umma kafin in gama warware namu. Nawa sau biyu yana faɗuwa a kaina.

"Kai, autan nan ko soja!" in ji Baba.

Umma tana dariya a cikin mayafi. "Nafi'u, je ka taya yayanka, kada ya kwana a fili."

Na ashirin da bakwai ke nan a ranar.

Makau ya jira muka gama, sannan ya tsuguna ya ce, "Doka ɗaya ce a nan, kuma ba ni na kafa ta ba. Da la'asar ruwan nan yana ja da baya, ya bar ƙasa tsirara. A lokacin, kada wanda ya fuskanci teku ya kira sunan wani. In kira ya zama dole, a juya mata baya."

"Don me?" in ji Baba.

"Akwai masu tsinta a ƙasa. Sunan da uwa ta saba kira ya yi laushi, ya yi zaƙi. Shi suke so. In ya faɗa ruwa suka ɗauka, mai shi yana bin abinsa."

Baba ya ƙyalƙyale. "Malam Makau, ku Sarkawa dai ba ku rabo da labari."

Umma ba ta yi dariya ba. Ni ma ban yi ba.

Washegari bayan sallar la'asar Umma ta gasa kifi, Baba ya fasa kwakwa ɗaya ya miƙa mata. Ta miƙa wa Nafi'u. Ya sha, ya sha, sannan ta ce, "Nafi'u, bar wa wancan saura."

"Yaya, ga sauranka," in ji shi, yana murmushi.

Ba da mugunta ya faɗa ba. Abin da ke ƙona ni ke nan. Da mugu ne da na huta.

Ruwa ya ja baya kamar an naɗe tabarma. Nafi'u ya ruga can ciki yana tsinto wa Umma katantanwa. Ita ta zauna ta ba teku baya, yadda tsohon ya ce. Na tsiyaye ruwan kwakwar a rairayi, na tashi na taka har inda ƙasa ke da damshi. Ban yarda da maganar Makau ba. Haka nake gaya wa kaina. Amma wanda bai yarda ba, me ya sa ya tsaya ya daidaita fuskarsa da teku?

"Nafi'u!"

Ya waiwayo.

"Nafi'u!"

Ya ɗaga mini wata katantanwa, yana nuna mini kyanta.

"Nafi'u!"

Rairayin da ke ƙarƙashinsa ya buɗe kamar bakin buhu, ya rufe. Sai silifa ɗaya, shuɗi.

Ba wanda ya ji ni, iska ta kwashe muryar ta yi cikin teku da ita. Ihun wata mata ne daga wani tanti ya sa Umma ta juyo. Baba ya isa wurin yana tonon ƙasa da hannu kamar zautacce. Makau ya zo a hankali, ya dubi silifan, ya dubi kowa. Idonsa ya daɗe a kaina. Bai tona ni ba.

"An kira shi," ya ce. "In ba a ɗauko shi kafin ruwa ya dawo ba, ya zama nasu."

Baba ya fara cire riga. "Buɗe mini, ni zan je."

"Mahaifiyarka tana kiran sunanka?"

"Ni ne na shida a ɗakinmu. Safe da yamma."

"To kana sauka za su tsince ka. Sai wanda sunansa bai taɓa fita bakin uwa ba, shi ne ba su da wurin kama shi. Akwai ɗan fari?"

Ran nan ne na fara ganin duk idon gidanmu a kaina. Ban da na Umma.

Makau ya je ya kwance igiyar tantina, ya ɗaura mini a ƙugu, ya miƙa mata ɗaya bakin. "Baiwar Allah, igiyar nan kamu goma ce, amma za ta yi ta tsawo muddin wadda ta haife shi ce ke riƙe. Ba mai taya ki. In kin saki, biyu kika rasa. Kuma ko me kika gani, kada ki kira shi."

Ta naɗa igiyar a hannu sau biyu. Tana kallon ƙasa ta ce wa Baba, "Ku ce masa ya yi bismilla."

Ko a nan ma sai ta bakin wani.

Makau ya kafa diddige inda silifan yake, ya motsa baki. Ƙasa ta dare. Matakala ce ta gishiri, fara tas, ta yi ƙasa ba iyaka. Na yi bismilla na sauka.

Ruwa yana sama da ni kamar rufin kwano mai shuɗi, kifaye suna wucewa kamar shirwa. Na yi ta sauka, na yi ta sauka. Igiya tana biyo ni. A gindin matakalar akwai ƙofa, a bakin ƙofar akwai ƙaguwa, girmanta ya kai kan tirelar Baba.

"Ya kai mai saukowa da ƙafa biyu," ta ce, "wannan ƙofa ba ta buɗuwa sai da suna. Faɗi naka ka wuce."

Saura kaɗan in faɗa. Na cije.

"Ranki ya daɗe, a gidanmu wancan ake ce mini."

Ta sunkuyo ta shinshina ni daga kai har ƙafa. "Ina jin ƙanshin suna, amma a rufe yake kamar kwakwar da ba a fasa ba. Shekara dubu ina tsaron nan, ban ga matsiyaci irinka ba. Wuce. Ba a karɓar komai a hannun wanda uwarsa ba ta ba shi komai ba."

Da duka ta yi mini da ya fi sauƙi. Ina wucewa na ji ƙas a bayana. Ƙaguwar ce ta kai wa igiyar sara da almakashin hannunta. Almakashin ne ya ɓare.

Bayan ƙofar wani kwari ne mai tsawo, cike da mutane a tsaye. Da na matso na ga gishiri ne, gumakan gishiri. Kowanne yana riƙe da akushi cike da abinci, amma wuyansa a murɗe, yana leƙen akushin na kusa da shi. Ina ratsa su sai ɗaya ya motsa leɓe, gishiri yana zuba.

"Ɗan fari ne?"

"Ɗan fari ne."

"Ni ma. Ƙanwata na zo ɗauka, tun zamanin da ake fataucin goro da jakai. Na iske ana yi mata fifita, na tsaya kallo. Nan ake jere mu." Ya yi tari. "In ka shiga gari, kada ka tsaya kallo."

Na shafa wuyana. Ya riga ya fara sagewa.

Kwarin ya ƙare a bakin wani rami, baƙi ƙirin, ba a hango ƙetarensa. A can ƙasa wasu fitilu suna yawo, kowace fitila da haƙora a bayanta. Wata tsohuwar kififiya tana kwance a gefe, bayanta ya yi faɗin tsakar gidanmu.

"Ya ke mai tsawon kwana, ki ƙetarar da ni."

Ta buɗe ido ɗaya. "Mutum nake ɗauka, ba na ɗaukar kaya. Me ke cikin ƙirjinka?"

"Babu komai."

"Hau."

Muna tsakiyar ramin ta fara yin ƙasa. Fitilun suka fara tasowa.

"Ka yi mini ƙarya, ɗan Adam. Dutse ka haɗiya. Faɗi alheri ɗaya na wanda ka zo nema, ko mu tafi ƙasa tare. Ni ɓawo gare ni. Kai fa?"

Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Ba don babu ba. Don yawansa ne ke shaƙe ni.

"Ya iya kafa tanti," na ce.

Ta ɗago kamu ɗaya. "Wannan ba alheri ba ne, gwaninta ce. Ƙara."

Wani mai fitila ya tsage mini ƙafar wando.

"Ranar da sakamakona ya fito, shi ma an ba su nasu. Ya ɓoye takardarsa ta na ɗaya a cikin buhun masara kwana uku, don kada a yi murna a gabana."

Ta yi sama kamar gora. Ta sauke ni a gaɓa ta ce, "Ka sani ashe."

Na sani. Ban taɓa yafe masa ba.

Sai ga garin. Ganuwarsa murjani ce ja, gidajensa ɓawon katantanwa, manya kamar rumbuna. Mutanensa dogaye ne, fatarsu tana ƙyalli kamar bayan kifi, fuskokinsu a shafe sumul, ido da baki kawai. Na ji suna magana a kasuwa: kai, ke, wancan, waccan, mutumin nan. Na ce a raina, gari guda na 'yan fari. Ba wanda ya tare ni. Ɗaya daga cikinsu suka ɗauke ni.

Duk garin ƙofar fada ya nufa. Na bi su. A can na ga Nafi'u.

Yana kan karaga. An sa masa alkyabba mai ƙyalli, biyu suna yi masa fifita, ɗaya tana ba shi abinci a baki. A gabansa tulin ƙwayoyin murjani ya kai tsawon mutum. Jama'a sun yi layi suna faɗuwa suna gaishe shi.

Har a nan. Har a ƙarƙashin teku. An sace mutum ma sai a kai shi karaga, ni kuwa ƙaguwa ce ta ce mini matsiyaci. Na tsaya. Na ji wuyana yana juyawa a hankali, na dubi ƙafata na ga fari yana hawa idon sawuna. Sai igiya ta fizge ni a ƙugu, sau ɗaya, da ƙarfi. Na yi taga-taga, gishirin ya farfashe.

Sannan na duba da kyau. Kowane mai layi yana ɗaukar ƙwaya ɗaya daga tulin, ya kara a kunne. Sai muryar Umma ta fito daga ciki ta ce, "Nafi'u." Sai ya rataya a wuya, hanci ya tsiro masa, gira ta fito. Kowace ƙwaya kira ɗaya ce. Kuma duk wadda aka ɗauka, fuskar ƙanena tana ƙara shafewa. Girarsa ta riga ta tafi. Na tsaya a gabansa ya dube ni kamar bango.

"Ya kai baƙo mai wutsiyar igiya."

Magajiyar garin ce, a bayan karagar. Tsawonta ya yi mutum biyu, gashinta yana yawo shi kaɗai, idonta ba fatar rufewa.

"Ya ke shugabar wannan gari, ƙanena na zo ɗauka."

"Ƙanenka ya wadata gari. Ba mu taɓa tsintar suna mai albarka haka ba, uwarsa ba ta yi rowa ba." Ta zagaya ni. "Kai kuwa na ga abin da ke cinka. Saurara. Koma kai kaɗai. Abin da ya rage a tulin nan zan juya shi ya zama naka. Uwarka za ta manta ta taɓa haifar wani. Za ta kira ka safe da yamma, a gaban mutane, sau hamsin a yini."

Ta ɗauki ƙwaya ta kara mini a kunne, ta danne ta da yatsa. Ban ji sunan ba. Numfashin da Umma ke ja kafin ta kira shi kawai na ji. Wannan laushin.

Zan iya rubuta cewa na ƙi nan take. Ƙarya ce. Na daɗe a tsaye. Na so. Wallahi na so. Abin da ya hana ni ba kirki ba ne. Kwakwar ce ta faɗo mini a rai. Kiran da aka ƙwato daga bakin wani, saura ne. Na gaji da saura.

"Ba na so."

"To ba ka da abin fansa. Tafi."

Na dubi masu murjani a wuya. Na tuna sanda na tsinci agogo a masallacin unguwarmu, liman ya sa aka yi shela, mai shi ya zo ya faɗi alama ya karɓa.

"Ranki ya daɗe, tsintuwa kuke yi ko sata?"

Fada ta ɗauki guna-guni. Gashin Magajiya ya miƙe.

"Mu ba ɓarayi ba ne. Abin da ya faɗo muke ɗauka."

"To ina cigiya."

Sai ta yi dariya, dariyar kamar ana tsiyaya ruwa a randa. "Dokar tsintuwa ɗaya ce a sama da ƙasa. Mai cigiya ya faɗi alamar kayansa. Duk ƙwayar da ke wuyan mutanena, ka saurara ka faɗi ranar da aka yi kiran, da dalilinsa. Wadda ka sani ta koma. Ka kuskure ɗaya, ku biyu nawa ne. Uwar da ta yi kiran ma ba za ta iya ba."

Gaskiya ne, Umma ba za ta iya ba. Mai bayarwa ba ya ƙirgawa. Wanda aka hana ne ke ƙirgawa.

Aka kawo ta farko.

"Ranar ƙyanda ce, da ya buɗe ido bayan kwana uku."

Ƙwayar ta tsinke daga wuyan mai ita ta koma tuli. Aka kawo ta biyu.

"Ranar da ya fasa filas ɗin Baba, aka ce ni ne ban ajiye shi da kyau ba."

Ta uku. "Jiya. Je ka taya yayanka."

Suka yi ta zuwa, ina faɗa, murjani yana tashi kamar fara. Ranar kaciyarsa. Ranar da ya ɓata a kasuwar Litinin. Ranar da ya ci alewar Sallah duka. Girarsa ta dawo. Tabon goshinsa ya dawo. Ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba, don duk sun kwana a cikina.

Amma dalili aka ce in faɗa, ba rana kawai ba. Dole na riƙa faɗin abin da ya biyo bayan sunan.

"Ranar da na karye a ƙwallo. Ta ce ya kai wa yayansa kunu." Wata. "Ranar dai. Ta ce ya duba ko yayansa ya samu barci." Wata. "Lokacin sanyi. Ta ce ya kai mini bargonta." Wata. "Ranar jarrabawata. Ina zaure ta ce ya bi ni da biro, na manta shi a kan tabarma." Wata. "Ranar sakamako. Ta ce ya je ya zauna kusa da ni, kada ya yi magana."

Shekara goma sha biyar ina ƙirga sunan, ban taɓa tsayawa na ji ƙarshen maganar ba.

"Yaya!" Nafi'u ya miƙe a kan karaga. "Yaya, ina ne nan? Wa ya sa mini wannan abu?"

"Saura ɗaya," in ji Magajiya.

A wuyanta take. Baƙa ce, ƙwaya uku a manne. Ta kara mini. Muryata ce.

"Rana da dalili, ya kai mai cigiya. Da ƙarfi, mai kayan ya ji."

Nafi'u yana kallona da cikakkiyar fuskarsa. Da ta fara kawo wannan tun yana bango, da ba komai. Ta san abin da take yi.

"Yau ne da la'asar," na ce. "Ni na kira. Na san dokar. Na kira don ina so a wayi gari babu shi, in ga ko za a rasa wanda za a kira sai ni."

Ƙwayar ta fashe. Tulin murjanin gaba ɗaya ya narke ya shige ƙirjin Nafi'u. Ya cire alkyabbar ya ninke ta, ya ajiye a kan karaga, ya sauko ya tsaya kusa da ni.

Fuskokin jama'a suka sake shafewa. Magajiya ta dube su, ta dube ni.

"Tsintuwa ta koma ga mai ita. Amma ruwa ya juyo, ɗan fari. Uwa ce a sama, tana fuskantar teku. In ta ga ruwa ya rufe ramin, za ta kira ka. Suna ne da aka ajiye shekara ashirin, sabo fil, ba a taɓa sa shi ba. Shi nake jira tun da aka haife ni. Ni zan sa shi."

Ta tafa hannu. Rufin ruwan nan ya fara tsagewa.

Na naɗa igiya a ƙugun Nafi'u tare da nawa, na ja ta sau ɗaya. Ta amsa. Ba gudu muka yi ba, jan mu aka yi. Muka fice ganuwa, muka tsallake baƙin ramin ƙafafunmu ba su taɓa komai ba, masu fitila suna kai cizo a iska. Muka ratsa gumakan gishiri, ruwa yana cinye su a bayanmu. Ƙaguwa ta kai sara ta sami silifan Nafi'u ɗaya da ya rage. Matakala tana narkewa, kowace muka taka sai ta zube.

Ina hawa ina kasa kunne. Allah ya yafe mini. Rabin zuciyata tana roƙon kada ta kira. Ɗaya rabin tana roƙon ta kira, ko da sau ɗaya, in ji, in nutse.

Ruwa ya rufe mu. Duhu. Ba murya. Sai ja.

Muka ɓullo cikin kumfa, rana ba ta kai ga faɗuwa ba. Umma tana tsaye a cikin teku, ruwa har ƙugunta, igiya a naɗe a hannuwanta har gwiwar hannu. Ta cusa mayafinta a baki ta cije. A bayanta Makau ya rungume Baba ta baya yana hana shi taɓa igiyar. Ta ja, ta ja, sai da muka kife a rairayi.

Ta tofar da mayafin. Haƙora sun huda shi. Ta juya wa teku baya tukuna, sannan ta durƙusa ta rungume shi.

"Nafi'u. Nafi'u. Nafi'u."

Ina kwance ina aman ruwan gishiri, ina ƙirgawa. Hali zanen dutse. Bakwai. Na takwas ta ce, ba ta waiwayo ba, "Nafi'u, duba ko yayanka ya ji ciwo."

Sai a lokacin na ga hannuwanta. Igiyar ta ci tafin har nama. Jini ya ɓata wa Nafi'u bayan riga.

Baba ya zo yana haki. "Wa ya kira yaron nan? Wane ɗan banza ne? Ku nuna mini shi!"

Na buɗe baki.

"Ni ban ji kowa ba, Baba," in ji Nafi'u. "Zurmawa kawai na yi."

Ya dube ni sau ɗaya, ya ɗauke kai. Har a wannan ma ya fi ni. Na ji abin ya motsa a ƙirjina, tsohon dutsen nan. Bai tafi ba. Ya dai rage nauyi.

Da safe muka naɗe tanti. Na kai wa Makau turaku da igiya. Ya ƙirga turakun, ya mayar mini da igiyar.

"Riƙe abinka. Ba ta da amfani a wurina, ta sha jini." Ya tsuke bakin buhu. "Sau uku sunanka ya taso mata har maƙogwaro. Ina kallo. Ta haɗiye."

Na karɓi igiyar na naɗe ta.

Wata huɗu ke nan da dawowarmu Funtuwa. Na sake cike takardar jarrabawa. Igiyar tana ƙarƙashin katifata. Ni da Nafi'u ba mu taɓa tayar da maganar ba, sai dai yanzu in an ba shi abu, ni yake fara miƙa wa, ni kuma in ƙi karɓa, mu yi ta yi har Baba ya daka mana tsawa. Tafin Umma ya warke, ya bar zane biyu farare a kowane hannu. Ba ta iya matse wanki sosai. Ni nake matsewa, ba tare da an ce ba.

Har yau ba ta kira ba. Ba za ta kira ba. Ni ma ban daina ƙirgawa ba, sai dai yanzu nakan tsaya in ji ƙarshen magana.

Ɗazu na dawo daga ɗaukar darasi, na shige ɗaki ta zaure ba wanda ya gan ni. Ina cire takalmi na jiyo ta daga madafi. Na sha tara ke nan yau.

"Nafi'u! Wancan ya dawo kuwa? Rufe masa nasa, kada ya huce."